Shagon awo: abin da na rubuta daga kaka zuwa kaka

14 Nuwamba 2022

An sauke waken farko daga kasuwar Dawanau ta Kano da hantsi, buhu 30, fari duka, yawancinsa kanannado. Shagon na Baba ne. Ya daɗe yana awo a cikinsa kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, ni kuma na karɓa bana da jarin da muka haɗa ni da yayata. Ita ta kwashi adashinta ta kawo, ni na zuba abin da na tara lokacin bautar ƙasa. Riba kashi uku za a yi, biyu nawa tunda ni ke zaman shago, ɗaya nata.

A gaban Baba muka yi magana, kuma shi ya ce in riƙa rubutawa don kada wata rana ni da Yaya mu yi musu a kan abin da aka ce. Mun amince ba za a zuba wa wake maganin ƙwari ba, kwano ɗaya za a yi saye da sayarwa da shi, kuma duk bashin da aka bayar sai an rubuta.

Na farkon shi ne mai wuya. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bi mata, amma duk mai awo ya san babu hatsin da ya kai wake saurin lalacewa. Tun a gona ƙwaron yake saka ƙwansa. Ka ajiye buhu lafiya lau a kaka, bayan wata biyu ko uku ka kwance ka tarar da huji a kowace ƙwaya, gari na zuba ta ƙasa. Shi ya sa mutane da yawa suke yayyafa fiya-fiya ko su cusa ƙwayar magani a tsakiyar buhu. Ba mugunta ce ta sa akasarinsu ba, tsoron karyewar jari ne. Amma guba guba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a jikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin maganin barkatai a kasuwanni. Turawa suna da ɗakin gwaji da zai kare su. Mai ƙosan bakin layinmu hancinta kawai take da shi, sai kuma maganar wanda ya auna mata.

27 Nuwamba 2022

Mun gama ɗura wake a buhun PICS. Buhu ne mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro dabarar tare da masu bincike a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa ta sosai a ƙasashenmu daga 2007, kuma a nan Kano ma ana yin buhun. Hikimar ba ta da wani ɓoyo. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su za su shanye 'yar wadda ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Aikin yana son haƙuri. Da farko sai waken ya bushe ƙamas, don in da sauran laima ruɓewa zai yi a cikin leda. Baba da haƙori yake gwadawa, in ya ji ƙas ya ce ya yi. Ni kuma na ƙara da dabarar kwalba: a zuba busasshen gishiri da ɗan wake a kwalba busasshiya a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to a mayar da waken rana. Buhu huɗu muka sake shanyawa a kan tamfol. Sannan kowace leda sai an hura mata iska an matse a ji ko tana yoyo, don hujin da bai kai tsinin allura ba ya isa ya ɓata aikin. A zuba wake, a danne a fitar da iska, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. Mun jera su a kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Wani dattijo mai awo a layin ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Yaro, kuɗin ledan nan da ka sayi magani da shi da ya ishe ka shekara uku." Gaskiya ya faɗa ta fuskar lissafi. Na ce, "Baba, a sa mana albarka dai." Ya sa.

19 Disamba 2022

Maganar kwano.

Wanda bai taɓa zaman awo ba yana ɗauka kwano kwano ne. Akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, in ka kifa shi za ka ga ɗan tudu. Akwai wanda aka rage wa baki. Akwai kuma mai kwano biyu, babba na zuwa ƙauye da shi saye, ƙarami na zaman shago. Ko da kwano ɗaya ne ma hannu na iya yin aikin: wajen saye mutum ya tallafe baki da tafinsa hatsi ya yi tozo, wajen sayarwa ya janye hannun ya ɗan karkata. Farkon Suratul Muɗaffifina wannan ɗabi'a ya siffanta daidai, masu cikawa in su za su karɓa, masu ragewa in su za su bayar. Tun muna allo muke karanta ta, amma sai da na riƙe kwano na ga yadda abin yake da sauƙin yi ba tare da kowa ya lura ba.

Na ɗauko tsohon kwanon Baba na gwada shi da buhun masara, ya ba da 40 kamar yadda aka saba a cikakken buhu. Shi na rataye a ƙusa a bakin shago. Duk wanda ya so ya auna da hannunsa, ga shi nan. Mata sun fi karɓar tayin, maza sukan ce haba, ai ba sai an yi haka ba.

Na so in rubuta a allo cewa a nan ba a tauye mudu. Baba ya hana. Ya ce, "In ka rubuta haka ka zagi duk layin. Ka auna daidai ka yi shiru." Na daɗe ina juya maganar. Akwai gaskiyar da ake yi don a tozarta maƙwabci, kuma mutanen da zan kira ɓarayi da wannan allo su ne za su tsare mini shago in na tafi masallaci. Allon da na rataye farashi kawai ke jiki.

Gyara kuwa ba mu daina ba. Bayan an cika awo ana ƙara ɗan dintsi, kamar yadda aka gada.

12 Janairu 2023

Na duba buhunan, duk ledojin a matse suke. Na ga kashin ɓera a kusurwar gabas, an toshe ramin da siminti. Cinikin gero da masara da shinkafa yana tafiya daidai gwargwado.

Babban Banki ya ce ranar 31 ga wannan wata tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki. Tun 15 ga Disamba aka ce sababbin sun fito, amma abin da ya shigo aljihun shagon nan bai taka kara ya karya ba.

4 Fabrairu 2023

An ƙara wa'adi zuwa 10 ga wata, kuɗi kuma sun ɓace. Mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen kwanon gero. Masu POS suna sayar da naira da naira. Taransifa sai ta yi yini ba ta shiga ba, ko ta fita daga asusun mai saye ta maƙale a hanya, mu biyu mu tsaya muna kallon waya.

Yanzu littafin bashi ya zama rabin shagon. Da na fara shi wasu sun ji haushi, wani har ya ce mahaifina bai taɓa rubuta shi ba. Na ce masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Ba rashin yarda ba ne, mantuwa ake gudu, da mutuwa. Ga yadda nake yi: kowa da shafinsa, ba na buɗe na wani a gaban wani. In na rubuta sai in karanta wa mutum da baki, ranar kaza, kwano kaza, kuɗi kaza, sai ya ce haka ne. Matan da ke aiko yara nakan ba yaron 'yar takarda ya kai gida, don kada a samu saɓani tsakanin abin da aka aiko shi da abin da ya kai. Farashin ranar da aka ɗauka shi ake biya, ko kaya sun tashi daga baya.

Wani saurayi da ban sani ba ya karɓi shinkafa ya nuna mini saƙon banki a wayarsa, kuɗi ba su taɓa zuwa ba. Abin ya yi mini ciwo, ba don yawan kuɗin ba. Saboda shi yanzu dole in sa mutanen kirki su tsaya jira. Ka'idar da na sa ita ce baƙo da ɗan gida duk ɗaya: sai na gani a asusuna, ko kuma a rubuta a littafi a matsayin bashi har ya shigo. Kawuna ma haka na yi masa jiya, ya yi dariya ya ce rubuta. Tunda an ga an yi wa kawu, babu wanda ya sake ɗaukar abin a matsayin raini.

18 Fabrairu 2023

Kotun Ƙoli ta ba da umarnin wucin gadi ranar 8 ga wata cewa kada a daina karɓar tsofaffin kuɗi, bayan ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar. Shekaranjiya kuma Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba har 10 ga Afrilu. Gwamnatin Kano na cewa a karɓa, bankuna ba sa karɓa. Talaka na tsakiya da takarda a hannu.

Da safe wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kwance bakin zanenta ta fito da tsofaffin 500 guda biyu, duk sun yi laushi. Ta ce ta je wuri uku an ƙi. Ba ta roƙe ni ba, miƙowa kawai ta yi tana kallon gefe. Na ce, "Inna, zauna tukuna." Na kira Yaya a waya, don kuɗin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, kuma alheri da dukiyar wani ba alheri ba ne. Na gaya mata in muka karɓa ana iya wayar gari su zama takardar banza. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Nawa za mu iya asara ba mu durƙushe ba?" Muka yanke adadi. Muka ce za mu karɓa daga mutanen unguwa masu sayen abin da za su ci, ba daga mai neman inda zai juye tarinsa ba, har mu kai wannan adadi. Na auna wa Inna geronta.

15 Maris 2023

Ranar 3 ga wata Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsofaffin kuɗi halal ne har 31 ga Disamba, amma sai shekaranjiya Babban Banki ya umarci bankuna su bi. Na kai namu an karɓa. Alhamdu lillahi. Da hukuncin ya zo akasin haka ma, shawarar da muka yanke ranar ita ce daidai da abin da muka sani a lokacin.

26 Maris 2023

Azumi ya kama tun ranar Alhamis 23 ga wata, wake kuma ya yi daraja saboda ƙosai da alalen buɗa-baki. Mun fara kwance buhuna.

Na kwance na farko a gaban mai ƙosan layinmu, don ita ce alƙaliyar da nake jin tsoro. Ta cusa hannu har gwiwar hannu ta ɗebo daga ƙasa, ta baza a tafi, ta shinshina, ta tauna ɗaya. Ƙwaya fara tas, sai 'yan matattun ƙwari jefi-jefi da bakace ɗaya zai fitar. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka sa masa komai ba?" Na nuna mata ledojin. Washegari ta aiko a auna mata na mako guda, kuma ta zo da mai garau-garau ta bayan makaranta.

Buhu biyu na kusurwar gabas ɓera ya huda su, ƙwari sun ci rabonsu. Yaron shago ya kawo shawarar a gauraya su da masu kyau kaɗan-kaɗan, ba wanda zai gane. Ba yaron banza ba ne, abin da ya gani ana yi ne ya faɗa. Na ba shi labarin da ke cikin hadisi, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Muka zuba mai hujin a daro daban a gaba, da farashinsa daban. Masu kiwo da masu ɗanwake suka saye shi, kowa ya san abin da ya saya.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun kaka, na kai wa malaminmu bayan tafsiri. Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya sayi wake da araha ya ajiye har ya yi tsada, ba ɓoye abinci ya yi ba?" Ya ce abin da malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka tsaya a kai shi ne cutarwa. Wanda ya saya lokacin da kasuwa ta cika ya adana, bai ƙuntata wa kowa ba, hasali ma da ba a adanawa da ba a ga wake da bazara. Wanda aka yi wa kashedi shi ne mai kwashe kaya lokacin ƙunci, ko mai rufe sito mutane na nema don farashi ya ƙara hawa. Daga nan na ɗaukar wa kaina ka'ida: muddin akwai kaya a ciki, ba zan ce wa mai nema babu ba.

Ni da Yaya mun yi saɓani a kan farashi. Ita tana ganin wake marar magani ya cancanci ƙari a kan na kasuwa, kuma tana da hujja, don mun kashe kuɗin leda. Ni kuma ina ganin in muka ƙara, mai kuɗi ne zai ci mai tsabta, mai ƙosai ta koma wa wancan. Mun tsaya a farashin kasuwa bana, tunda ledojin za su sake aiki baɗi in ba su huje ba. Ba ta gamsu sosai ba, ta ce a sake zama a kai in an yi lissafin shekara.

20 Afrilu 2023

Gobe Sallah. Tun jiya layi ne na masu sayen hatsin zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum. Baba ya aiko da ɗan mudunsa na ƙarfe da yake ajiyewa don wannan rana kawai. Awon yau ya bambanta da na kullum, domin in ka rage wa mutum, ibadarsa ka rage, da abincin Sallar wani miskini da ba za ka taɓa gani ba.

A makon jiya ɗaya daga cikin masu shafi a littafi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan addu'ar uku babban ɗansa ya zo, fuskarsa duk damuwa, ya ce ya ji mahaifinsa na karɓar kaya a nan, yana son ya sauke masa nauyi kafin a taɓa gado. A ransa ya ƙiyasta kuɗi mai yawa. Na buɗe shafin na juya masa. Marigayin ya biya kusan duka a farkon azumi, saura kuɗin kwano uku na masara. Yaron ya bi layukan da yatsa, ya ga kwanan wata, ya ga inda aka soke. Ya biya nan take. Da babu littafin da sai dai ya dogara da bakina, ni ma in dogara da tunanina, kuma shaiɗan ba ya rasa ƙofa a irin wannan wuri.

Akwai shafuka uku da na san masu su ba su da hali yanzu. Na tambayi Malam ko zan iya yafe musu in lissafa a cikin zakkata. Ya ce a'a, zakka fitarwa ake yi a miƙa, ba a kare dukiya da ita daga bashin da aka fid da rai. Ko a yi musu jinkiri har su samu sauƙi, ko a yafe sadaka, kamar yadda aya ta 280 ta Baƙara ta ce. Ɗaya mun yafe da yardar Yaya, biyu mun ɗaga musu zuwa kaka.

3 Yuni 2023

Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya ƙare lita ta koma 540 a Kano, daga ƙasa da 200 a farashin gwamnati. Kuɗin ɗauko kaya daga Dawanau ya tashi a rana ɗaya, hatsi ya bi shi.

Tambayar da ke gaban kowane mai shago ita ce tsohon kaya. Na saye shi da tsohon farashi, da wanne zan sayar? Mutane na cewa zalunci ne a ƙara wa abin da ke ajiye. Na fahimce su. Amma in na sayar da buhu goma a tsohon farashi, kuɗin ba za su sayo goma ba, haka jari zai yi ta zagwanyewa har a rufe shago, kuma rabin abin da zai narke na Yaya ne. Don haka na bi sabon farashi. Abin da na hana kaina shi ne ƙarya a kai. Ba na cewa wallahi haka na saya. In an tambaya nakan ce tsohon kaya ne, amma da kuɗinsa zan sayo sabo. Wasu sukan yi tsaki su tafi, wasu su ce to Allah ya kyauta su saya. Rantsuwa tana sayar da kaya tana kuma share albarka, haka hadisi ya ce, kuma a makon nan na ji rantsuwa a kasuwa fiye da kowane lokaci.

Masu ƙosai da garau-garau da masu tuwon sayarwa na ba su mako guda a tsohon farashi, don su samu su gyara nasu lissafin. Su ba sa iya ƙara kuɗi dare ɗaya, sai dai su rage girman ƙosai, yara kuma su ne masu saye.

9 Agusta 2023

Sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi ranar 30, an rufe iyaka. Jibiya, Maigatari, Kwangwalam, Illela, ko'ina motoci sun tsaya. A Abuja sunan abin siyasar ƙasa da ƙasa. A nan kuwa surukai ne da abokan ciniki aka raba.

Akwai wani Alhaji daga wajen Maraɗi, abokin huldar Baba tun ina yaro. Kafin Babbar Sallah ya bar mini wake in sayar masa, in cire la'adata, in ajiye sauran har ya zo. Babu takarda tsakaninmu sai abin da na rubuta a littafina. An sayar, kuɗin na hannuna, shi kuma ba hanya. Matsalar ita ce tun da aka saki naira a tsakiyar Yuni kasuwa ta riƙa yanke darajarta, take faɗuwa a kan sefa. In na ajiye masa naira na ce ga amanarka yadda ka bari, a lissafi ban ci ko kwabo ba, amma ranar da zai karɓa abin da zai kai gida ya ragu ina kallo. Juya kuɗin kuma in sayi kaya da su ba izininsa, wannan cin amana ne ko da riba za ta fito.

Na same shi a waya da ƙyar. Bayan gaisuwa na ce, "Baba Alhaji, kuɗinka suna nan, amma naira na zubewa. Me kake so a yi?" Ya ce a mayar da su sefa. Na tafi Wapa, kasuwar 'yan canji, da ƙanen Baba a matsayin shaida, muka canza, na karanta masa adadin da farashin a waya, na sa a ambulan na rubuta sunansa, na kai wa Baba ya ajiye a gida. Yaya ma na gaya mata inda suke, saboda rai.

15 Satumba 2023

Wani abokina da muka yi jami'a tare ya biyo ta shago, ya same ni da ƙurar gero har gira. Ya ce yana da hanyar wani aikin ofis, in kawo takarduna. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na kuma gode masa. Na ce ya ba ni lokaci, amma a raina na san amsar.

Ba riba ce ta riƙe ni ba, don albashin da ya ambata ya fi abin da nake samu a wasu watanni. Abin da na samu a nan shi ne na san inda aikina yake zuwa. Waken da na ɗaure da hannuna a Nuwamba shi ne ƙosan da 'yan makarantar layinmu suka ci da azumi, kuma na san abin da ke cikinsa da abin da babu. Mata da ba su taɓa ganin fuskata ba suna aiko yaro ɗan shekara shida da kuɗi a ƙulle, ba sa sake aunawa in ya kai. Wannan nauyi ne, wani lokaci har yana hana ni barci, amma ban taɓa jin ina da amfani a unguwarmu kamar bana ba.

Yaron shago ya fara riƙe kwano. Ina lura da hannunsa ba tare da ya sani ba, na ga yana cikawa ko ina nan ko na ba da baya. Na ƙara masa kuɗin mako, na kuma ce ya koma makarantar dare, ni zan biya.

22 Oktoba 2023

Mun yi lissafin shekara a ɗakin Baba. Uwar kuɗi ta dawo da riba a kai, sai dai in aka auna da buhu ba da naira ba, abin da za mu iya saye bana bai wuce na bara da yawa ba. Tsada ta cinye mafi yawan abin da ya yi kama da riba. Za a ƙiyasta kayan shago da kuɗin hannu ranar da shekara ta cika, in sun kai nisabi a fitar da ɗaya bisa arba'in.

Cikin shafuka biyun da aka ɗaga zuwa kaka, ɗaya ya fara biya da gero daga gonarsa. Ɗayan ya daina bi ta layinmu. Na aika masa cewa ya zo mu gaisa, ba maganar kuɗi ba ce, don na fi jin zafin ya riƙa zagaye da ni a kan bashin kansa. Ambulan Alhaji na nan, iyaka ba ta buɗe ba.

Dattijon da ya yi mini maganar kuɗin leda bara ya aiko ɗansa ya tambayi inda ake sayar da buhun da yadda ake ɗaurewa. Na ce ya zo ranar da za mu ɗura ya gani da idonsa, ya taho da nasu waken mu yi tare.

Saura abu biyu ba mu daidaita ba. Yaya na nan a kan bakanta na ƙara wani abu a kan farashin wake, kuma bana hujjarta ta fi ta bara ƙarfi. Tana kuma son a sa iyaka ga jimillar bashin da zai fita a lokaci guda, ni ina tsoron ranar da iyakar za ta cika sannan wata Inna ta zo. Baba ya ce kowa ya je ya kwana da maganar, a dawo ranar Juma'a. Kafin nan zan fito da ledojin bara in hura su ɗaya bayan ɗaya in ware masu yoyo, don sabon wake ya fara shigowa Dawanau.